Gona Ma Tana Numfashi

Manomin Kiyawa ko Jahun kan ɗebi ƙasa a tafin hannu, ya murza, ya ce gonar nan ta gaji. Abin da ya gani shi ne ta yi fari, ta koma rairayi zalla. Baƙin nan da ya ɓace ruɓaɓɓen ganye ne da saiwa da kashin dabbobi, kuma kusan rabin nauyinsa sinadarin kabon ne.

Daga sama kabon ɗin yake saukowa. Gero da dawa da bishiyoyi suna zuƙar iskar kabon dayoksaid su gina jikinsu da hasken rana. In sun mutu, ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye su, wani kaso ya koma sama, sauran ya kwanta a ƙasa. Ajiyar ba ƙarama ba ce: mita ɗaya na saman ƙasar duniya yana riƙe da kimanin tan biliyan 1,500, kusan ninki biyu na wanda ke sararin samaniya yana ɗumama mu.

To, yaya ake auna abin da ke fita? Ana kifa wani mazubi mai kama da bokiti a kan ƙasa, a toshe gefensa, na'ura ta riƙa karanta yadda iskar ke taruwa a ciki. Inda babu kuɗin na'ura, sai a ajiye sinadarin soda laim a ciki ya kwana yana shanye iskar, da safe a busar da shi a auna nauyin da ya ƙaru. Sai dai awon rana ɗaya yaudara ne a wuri irin Dutse. A watan Maris ƙasa ta bushe ƙamas, da ƙyar take numfashi. Ruwan farko na sauka halittun nan su farka, iskar ta tashi lokaci guda. Wani masani, H. F. Birch, ya bayyana haka a Gabashin Afirka tun 1958. Yawan numfashin kuwa ba aibu ba ne: gonar bayan gida da ta sha taki ta fi ta daji fitar da iska, don tana da rai. Lissafin irin na ɗan kasuwa ne, me ya shigo, me ya fita.

A nan muke faɗuwa. Ƙasar jigawa da ma kabon ɗinta ba ya kai kashi 1 cikin 100. Da kaka a kwashe kara don darni da girki, a ɗaure harawa a kai kasuwar Shuwarin, ragowar gara ta ci, ko a cinna masa wuta ranar shara. Ban ga laifin kowa ba, itace ya yi tsada, tunkiya ma ciki gare ta. Amma gona ba ta bin bashi har abada.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun sami mafita tun shekarun 1980, suka kira ta sassabin zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito a kututture, a zaɓi biyu ko uku a bar su su girma. Da haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ya fi cancanta, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa.

Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, tana da masana ƙasa. Ina ma a ce za a kifa mazubin nan a ƙarƙashin gawo da kuma fili, rani da damina, a faɗa wa manoma sakamakon da Hausa. Kafin nan, malam manomi, in ka ci karo da tsiron gawo wajen sharar bana, ka ɗauke gatarinka.