Hanyoyin tattaki na tafkin Hetch Hetchy

Hanyoyin tattaki na tafkin Hetch Hetchy wasu hanyoyin ƙafa ne da ke gefen wani babban tafki a tsaunukan Sierra Nevada, a arewa maso yammacin gandun dajin Yosemite da ke jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Tafkin ya samu ne bayan da aka datse kogin Tuolumne da madatsar ruwa ta O'Shaughnessy, wadda aka kammala a shekarar 1923. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 13, kuma daga cikinsa ne birnin San Faransisko da garuruwan da ke kewaye da shi suke samun mafi yawan ruwan da suke sha. An san wurin a matsayin ɗaya daga cikin sassan Yosemite da magidanci zai iya takawa tare da iyalinsa, domin ba shi da cunkoson jama'a irin na babban kwarin Yosemite, kuma tsayinsa daga doron teku bai wuce kusan mita 1,200 ba, saboda haka dusar ƙanƙara ba ta daɗewa a kan hanya. Sai dai sauƙin tafiyar ya danganta da watan da aka je. Lokacin da wurin ya fi kyan gani shi ne kuma lokacin da ya fi haɗari ga yara.

Asalin wurin

Kafin a yi tafkin, Hetch Hetchy kwari ne mai shimfiɗaɗɗen fili da ciyawa, kogi na ratsa tsakiyarsa, dogayen duwatsu sun yi masa katanga dama da hagu. Ƙabilun Miwok da Paiute sun shafe dubban shekaru suna zuwa kwarin don farauta da tara 'ya'yan itatuwa da ƙwayar ciyawa. Ana danganta sunan wurin da wata kalmar Miwok da ke nufin wata ciyawa da ake cin ƙwayarta.

An sanya kwarin cikin gandun dajin Yosemite tun lokacin da aka kafa gandun a 1890. Amma San Faransisko ta daɗe tana neman ruwan sha mai tsabta, kuma girgizar ƙasa da gobarar da suka cinye birnin a watan Afrilu na 1906 sun ƙara wa buƙatar ƙarfi. John Muir, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar Sierra Club a 1892, ya shafe shekaru yana adawa da datse kogin, yana mai cewa bai kamata a nutsar da kwarin da ke cikin gandun daji na ƙasa ba. Gifford Pinchot, wanda ya shugabanci hukumar kula da dazuzzukan Amurka, ya goyi bayan birnin. A ƙarshe majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar Raker, shugaba Woodrow Wilson ya sa mata hannu a watan Disamba na 1913. Muir ya rasu shekara guda bayan haka. Masana tarihi da dama na ganin wannan taƙaddama na cikin abubuwan da suka share fagen kafa hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa a 1916.

An sare itatuwan kwarin kafin a sake masa ruwa. A 1938 aka ƙara wa madatsar tsayi har ta kai kimanin mita 130 daga tushenta. Ruwan yana gangarawa da kansa zuwa gaɓar teku, tafiyar kusan kilomita 270 ta cikin bututu da ramukan ƙarƙashin ƙasa, kuma ya fara isa yankin San Faransisko ne a watan Oktoba na 1934, 'yan kwanaki bayan rasuwar injiniya Michael O'Shaughnessy wanda aka sa wa madatsar sunansa.

Hanyoyin

Babu hanyar da ta zagaye tafkin gaba ɗaya. Kudancinsa gangaren dutse ne miƙaƙƙe, inda dutsen Kolana ya yi sama da kusan mita 600 daga saman ruwa, don haka babbar hanyar tana bin gefen arewa ne, kuma wanda ya tafi ta nan zai dawo.

Mafi sauƙin tafiya ita ce ta kan madatsar kanta. Daga wurin ajiye motoci ana taka saman ginin, wanda tsawonsa bai kai mita 300 ba, shimfiɗaɗɗe ne kuma da shinge a gefensa. Daga nan ana hango tafkin da dutsen Kolana da wuraren da ruwa ke zubowa daga kan duwatsun arewa, a ɗaya gefen kuma kogin Tuolumne yana fita can ƙasa cikin kwazazzabo. An kafa alluna masu bayanin tarihin wurin da yadda ake kai ruwan birni. A ƙarshen madatsar akwai rami da aka huda cikin dutse, tsawonsa kimanin mita 150, da 'yan fitilu marasa haske sosai, ruwa na ɗiga daga rufinsa yana kwanciya a ƙasa. Ga ƙananan yara sau da yawa wannan ramin ne abin da suka fi tunawa a tafiyar. Iyali masu goyo ko tsofaffi kan tsaya a bakin ramin ta wancan gefen su juya, kuma ba su yi asara ba, domin sun riga sun ga mafi yawan abin da ake zuwa gani.

Hanyar da ta fi suna ita ce ta zuwa magangarar ruwa ta Wapama, kimanin kilomita 8 zuwa da dawowa. Bayan ramin, hanyar tana bin wani tsohon titi mai faɗi, tana ɗan hawa a hankali cikin inuwar itatuwa. Daga nan sai ta rabu biyu. Ta hagu tana murɗawa sama zuwa ƙananan tafkunan kan tsauni, ba ta masu yara ba ce. Ta dama ita ce ta Wapama, tana sauka kan falalen dutse tana bin gefen ruwa. A watannin Afrilu da Mayu furanni kan rufe gefen hanya, ƙananan ƙoramu kuma suna tsallake ta nan da can. Kafin a kai Wapama ana wucewa ta ƙarƙashin Tueeulala, wani siririn ruwa da ke zubowa daga tsayin sama da mita 250, wanda kan ƙafe idan rani ya yi nisa. Ɓangaren ƙarshe yana da matakalan dutse da tsakuwa mai santsi, kuma a nan ne yaran da suka gaji kan fara neman a ɗauke su.

Ita Wapama tana faɗowa ne daga tsayin sama da mita 300, hawa-hawa, sannan ta watsu cikin manyan duwatsu kafin ta shiga tafki. An ɗora wasu gadojin ƙafa a jere a gindinta, ta kansu hanyar ta bi. Yaron da ya saba tafiya, mai shekara bakwai ko takwas, yana iya kaiwa ya dawo, amma iyali kan buƙaci awa uku zuwa huɗu idan an haɗa da hutu da cin abinci.

Daga Wapama hanyar ta ci gaba zuwa Rancheria, wanda zuwa da dawowa ya kai kimanin kilomita 21. Galibi masu kwana a daji ne ke zuwa can. Kusa da ƙofar shiga yankin akwai gajeriyar hanya ta kilomita 3 zuwa 4 da ke hawa wani tudu mai suna Lookout Point, inda ake hango tafkin daga nesa. Akwai kuma hanyar kwarin Poopenaut, wadda gajartarta kan yaudari baƙi. Tana gangarawa kusan mita 400 cikin ɗan taƙi zuwa bakin kogi, dawowar kuma hawa ne tsagwaronsa, ba a ba masu ƙananan yara shawarar bin ta.

Lokaci da haɗari

Ruwan Wapama daga narkewar dusar ƙanƙarar kan tsaunuka yake zuwa. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, musamman a shekarar da aka yi dusar da yawa, ruwan kan cika har ya riƙa bi ta saman gadojin. A watan Yuni na 2011 ruwa ya share mutum biyu daga kan gada a wurin, suka rasa rayukansu. Hukumar gandun kan kafa gargaɗi ko ta rufe gadojin a irin wannan lokaci, amma yawan ruwan yana canzawa ko a cikin yini guda, domin zafin rana yana ƙara narkar da ƙanƙara. Gadar da aka haye da safe lafiya tana iya zama wani abu dabam a dawowa. Shawarar da ake bayarwa ita ce idan ruwa yana taɓa saman gada, a tsaya a kalle shi daga nesa a juya. Ko da ruwan bai kai nan ba, feshinsa yana jiƙa mutum sharkaf, kuma yana sa gada da duwatsu santsi.

A watannin Yuli da Agusta matsalar takan koma zafi. Gefen arewa na tafkin yana fuskantar rana, duwatsu suna riƙe zafi, ma'auni kan haura digiri 30, inuwa kuma ba ta da yawa bayan an bar tsohon titin. Gobarar daji ta Rim da ta tashi a watan Agusta na 2013, ta ƙone fiye da murabba'in kilomita 1,000, ta rage itatuwan da ke kan hanyar shiga yankin. Babu famfo a kan hanya, dole kowa ya ɗauki ruwansa. Abin ban takaici ga yaro shi ne ga tafki cike a gabansa, ba shi da damar ko tsoma ƙafa.

Ana kuma jan hankalin iyaye kan wani tsiro mai ganye uku-uku da ke fitowa a gefen hanya, wanda taɓa shi ke sa ƙuraje da ƙaiƙayi na kwanaki, da macizai masu dafi waɗanda wutsiyarsu ke kaɗawa kamar caki, da kuma dabbar beya da ke bin ƙanshin abinci. A lokacin hunturu hanyar Wapama kan kasance a buɗe yayin da manyan hanyoyin kan tsauni ke rufe, sai dai titin mota kan yi ƙanƙara.

Dokoki da shiga

Yawancin dokokin wurin sun samo asali ne daga kasancewar tafkin ruwan shan mutum kusan miliyan 2.7. Ruwan yana da tsabtar da ta sa hukumomi suka yarda a raba shi ba tare da an bi da shi ta matata ba, sai dai a kashe ƙwayoyin cuta kawai, kuma ana son ya ci gaba da zama haka. Saboda haka an hana iyo da shiga jirgin ruwa. An yarda da kamun kifi daga gaɓa ga mai lasisin jihar Kalifoniya. Ba a shiga hanyoyin da karnuka. Wanda zai kwana a daji sai ya karɓi takardar izini, ya kuma ajiye abincinsa cikin gwangwanin da beya ba ta iya buɗewa.

Ana shiga yankin ne ta wani ƙaramin titi da ya rabu daga babbar hanya mai lamba 120, tafiyar sama da awa ɗaya a mota daga kwarin Yosemite. Titin siriri ne mai kwana-kwana, an hana dogayen motoci bin sa, kuma ana rufe ƙofarsa da dare, saboda haka mai tattakin yini dole ya lissafa lokacin dawowarsa. A kan hanyar akwai sansanin Mather, inda aka yi injin yanka katako lokacin ginin madatsar, wanda daga baya birnin San Faransisko ya mayar da shi wurin hutun iyalai.

Muhawara kan makomar tafkin

Idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani, wani farin zobe kan bayyana a jikin duwatsun da ke kewaye da tafkin, alamar inda ruwa ya saba kaiwa. Masu son a maido da kwarin kan nuna wannan a matsayin shaidar abin da aka ɓata. A 1987 sakataren harkokin cikin gida na Amurka, Donald Hodel, ya kawo shawarar a duba yiwuwar zubar da ruwan, kuma ƙungiyar Restore Hetch Hetchy na ci gaba da wannan kira. Hukumomin birnin suna cewa tsarin yana ba da ruwa mai tsabta da wutar lantarki, maye gurbinsa kuma zai ci kuɗi mai yawa. A watan Nuwamba na 2012 an kai batun gaban masu zaɓe na San Faransisko, inda fiye da kashi uku cikin huɗu suka ƙi amincewa da a tsara shirin zubar da tafkin.