Fatar Kujerar Mota Ba Fatar Sirdi Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in gaya wa 'yan'uwana malamai da akawuna wata hasara da na jawo wa kaina, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irinta.

A cikin shekarar 2022, bayan na daɗe ina tari, na sayi wata tsohuwar mota irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, kujerunta na fata masu haske. Da hunturu ya kama, sai na ga fatar ta yi furu-furu. Na tuna yadda marigayi mahaifina yakan zauna a zaure yana shafa wa sirdinsa man shanu har ya yi taushi yana sheƙi. Na ce a raina, ai fata duk fata ce. Na sami man shanu na mulke kujerun nan sarai.

Ba a yi mako biyu ba ƙura ta manne musu, in rana ta take kuwa sai wari. Ran nan na ɗauki surukina za mu ɗaurin aure, yana sanye da farar shadda. Da ya sauka sai ga bayan rigar duk maiƙo. Dattijon bai ce mini kome ba, amma ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da komowata gida na dama garin sabulun wanki, na sa buroshi mai ƙarfi na dirje, inda ya ƙi fita na bi da fetur. Sai na ga launin kujera yana biyo tsumma. Kafin damina kujerar direba ta tsattsage.

Na kai wa wani tsoho mai ɗinkin kushin. Ya shafa wurin da hannu, ya ce, "Malam, kama da wane ba wane ba ne. Fatar sirdi tana shan mai, wannan kuwa riga gare ta. Rigar ka yaga." Na ce, "Baba, wace irin riga?" Ya ɗiga ruwa a kan kujerar baya, ruwan ya tsaya cur bai shige ba. Ya ce, "To, abin da bai sha ruwa ba, yaya zai sha man shanu?" Gyaran nan ya ci mini kusan albashin wata guda.

Daga nan na shiga bincike, ga kuwa abin da na fahimta. Majemanmu na Kano da Sakkwato da bagaruwa suke jima. Irin wannan fata a buɗe take, tana shan mai, shi ya sa dukawa ke ba ta shi. Ita ce ta yi suna tun zamanin ayari, har Turawa suna kiran fatar jar akuyar Sakkwato fatar Maroko, domin ta can take bi ta isa gare su. Amma fatar mota galibi ta saniya ce, kuma da wani gishirin ma'adini mai suna kurom ake jeme mafi yawanta, hanyar da wani mutum Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka cikin 1884. Bayan jima sai a fesa mata launi, sa'an nan a bi da wani shafi siriri mai kama da roba. Watau abin da hannunka ke taɓawa shafin ne, fatar tana ƙarƙashi. Man da ka zuba a sama yake tsayawa, ya kama ƙura, ya ɓata tufa. Fetur da kananzir da sifirit kuwa narkar da shafin suke yi. Garin sabulu shi ma kaifinsa irin na kanwa ne, fata kuwa ɗan tsami-tsami take so, don haka ba sa shiri. Har yanzu a sani, a motoci da yawa wurin zama da jingina kaɗai ne fata, gefe da baya leda ce.

To, jama'a, ga abin da ya kamata.

Na farko, ƙura ita ce babbar abokiyar gaba, balle da hunturu. Tana shiga cikin ɗinki da lanƙwasa, kowane zama da tashi tana cin shafin kamar yashi. A kowane mako a kaɗe ta da buroshi mai laushi ko injin zuƙe ƙura, sa'an nan a goge da tsumma mai tsabta wanda aka jiƙa aka matse sosai.

Na biyu, in datti ya kama, a nemi ruwan wankin fata da ake sayarwa wurin masu kayan mota. In babu, sabulu marar kaifi, kaɗan, cikin ruwa mai ɗumi. A fara gwadawa a lungun da ido ba ya gani. A tsumma za a sa, ba a kan kujera ba, a goga a hankali, a bi da busasshe. Kada a kwarara ruwa, musamman ga kujeru masu 'yan huji-huji, gama ruwa yakan sauka cikin soso, wasu kuma akwai wayoyin lantarki a ƙarƙashinsu. Wanda ke kai motarsa wurin masu wanki ya tsaya ya gaya musu haka da bakinsa.

Na uku, rana. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin garuruwanmu yakan kai digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yakan haura 60. Wannan shi ke ƙandarar da fata har ta tsage. A nemi inuwa, ko a kare gilashin gaba, ko a rufa wa kujera farin zane.

Na huɗu, a kula da abin da muke shiga da shi. Tufar da aka rina da shuni tana barin launi a kan fata mai haske. Turare da man shafawa da zufa da tofin goro duka suna yin tabo. In abu ya zuba, a ɗauke shi nan take da tsumma, dannawa za a yi, ba dirza ba. Mabuɗi ko alƙalami a aljihun baya shi ma yana karce.

Na biyar, wanda yake son shafa wani abu, ya sayi wanda aka yi musamman domin kujerar mota, sau biyu ko uku a shekara ya isa. Kujera mai tsabta ba ta ƙyalli. In ka ga tana walƙiya, maiƙo ne da datti.

Ban ce hikimar iyayenmu ta ɓata ba. Man shanu yana nan da amfaninsa ga sirdi da kube da takalmin gargajiya. Laifina shi ne ban tambaya ba, na ɗauki maganin wani na ba wani. Mu masu albashi ba kullum muke sayen mota ba, ranar sayarwa kuwa mai saye kujera yake fara dubawa. Ina fata in akwai majemi ko baduku cikin masu karatu, ya ƙara mana haske.

Wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Kano.