Ƙafar yaro da takalminsa

Kwadaso unguwa ce a yammacin birnin Kumasi, cikin ƙasar Gana. Hausawa sun daɗe a Kumasi, tun zamanin fataucin goro. In salla ta gabato, iyaye na zango sukan tafi kasuwar Kejetia su sayo wa yara takalma. Da yawa suna zaɓen takalmi mai tauri da tsinin baki, don ya yi kyau a ido. Amma ko ƙafar yaro tana son irin wannan takalmi?

Ƙafar babban mutum tana da ƙasusuwa 26. Ta jariri kuwa, yawancinta guringuntsi ne mai taushi. Sannu a hankali yake zama ƙashi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ƙafar yaro take: in takalmi ya matse ta kullum, yatsu sai su hau juna, su girma a karkace.

Jariri ba ya da kwarmi a tafin ƙafarsa. Kwarmin yana fitowa ne wajen shekara 6, lokacin da tsokar ƙafa ta yi ƙarfi. Tsoka kuwa aiki ke ƙarfafa ta: tafiya, gudu da tsalle. A shekarar 1992, likitoci biyu a ƙasar Indiya sun ba da sakamakon binciken ƙafafun yara 2300. Cikin masu sa takalmi, kusan 9 cikin ɗari ba su da kwarmi. Cikin masu tafiya ba takalmi, kusan 3 ne kawai cikin ɗari.

Saboda haka, a ɗaka ko a tsakar gida mai shara, gara a bar yaro ya taka ƙasa da ƙafarsa. A waje kuwa dole ya sa takalmi. Kumasi gari ne mai yawan ruwan sama. A ƙasa mai laima da ƙazanta akwai ƴan tsutsotsi masu shiga jiki ta fatar ƙafa, su sauka cikin hanji, su sha jini. Ga kuma ƙusa da fasasshiyar kwalba.

Takalmi mai kyau ga yaro ba shi da nauyi. Gindinsa shimfiɗe yake, ba tudun dunduniya, kuma yana lanƙwasuwa a hannu. Bakinsa yana da faɗi, yatsu suna motsi. Yana da maɗauri, don kada ya fice wajen gudu. In za a saya, yaro ya gwada shi a tsaye. A bar sarari kamar santimita ɗaya gaban babban yatsa. Ƙafar ƙaramin yaro tana saurin girma, don haka a sake dubawa bayan wata uku.

Tambayoyi
1. Ƙasusuwa nawa ne a ƙafar babban mutum?
2. Don me takalmi matsattse yake cutar da yaro?
3. A ina ya kamata yaro ya sa takalmi? Don me?