Sankarar Fata: Nawa Ne Kuɗin Cire Ta?

 Ko da ya ke an rushe tsohuwar unguwar Hausawa ta Zangwetin a shekara ta 2003 saboda aikin ZACA, jama'a suka watsu, duk da haka kasuwa tana tara mu. Yau kuwa zancen ciniki za mu yi: idan sankara ta fito wa mutum a fata, nawa zai biya a cire masa ita?

Ku masu sayar da goro kun riga kun san sunan. In ka kwance huhu ka ga goro ɗaya ya yi sankara, ba ka cewa sai gobe. Nan take ka kan fitar da shi, gama ka sani hasarar goro ɗaya ce yau, amma bayan wata guda hasarar huhu ce. Haka ciwon nan ya ke. Farashinsa ba ɗaya ba ne, ranar da ka kai shi asibiti ita ke yanka masa kuɗi.

Bari mu fara da kamanninta. Na fari, baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, wanda ya ke faɗaɗa, ko ya sāke launi, ko ya yi jini. Likitoci suna ce da shi melanoma. Na biyu, tsohon gyambo ko tabon ƙuna na shekaru, wanda bakinsa ya yi kauri, nama ya tsiro a ciki. Na uku, ƙurji mai ɓawo a fuska, ko kunne, ko wuyan zabiya, domin rana tana cin fatarsu fiye da ta sauran mutane. Kowane miki da ya yi wata guda bai warke ba, a kai wa likita ya duba.

To, ina kuɗin ya ke tafiya? Ba wuƙar kaɗai a ke biya ba. Akwai kuɗin ganin likita. Akwai na gwajin jini kafin aiki. Akwai takardar magani da za a ba ka ka sayo allura, da zaren ɗinki, da auduga, da bandeji. Akwai kuɗin aikin kansa. Sa'an nan akwai kuɗin auna naman da aka cire, a duba shi da madubin likita. Kada ka yi rowar wannan na ƙarshe, gama shi ne zai nuna irin sankarar, ya kuma nuna ko an kwashe ta sarai.

Idan ƙarin yana ƙarami, aikin mai sauƙi ne. A kan yi allura a kashe wurin kaɗai, kana farke. Likita ya yanke shi tare da ɗan lafiyayyen nama kewaye da shi, wajen milimita 4 zuwa 6 ga irin ta gyambo da ta zabiya, santimita 1 zuwa 2 ga melanoma. Ya ɗinke, yawanci ka koma gida ran nan. Bayan mako ɗaya ko biyu a cire zare.

Amma idan an bar shi ya girma, lissafi ya sāke. Sai an sa ka barci, a shigar da kai babban ɗakin fiɗa. Ramin ya fi ƙarfin ɗinki, sai an yanko fata daga cinya a dasa a wurin, miki ya zama biyu ke nan. In kaluluwa ta fito a matsematsi ko a hamata, sai an ɗauki hoton cikin jiki a ga inda ciwon ya kai. A shekara ta 2024 gwamnatin Burkina Faso ta rage kuɗin hoton sikana a asibitocinta daga jaka 50 zuwa jaka 25, na IRM kuma daga jaka 100 zuwa jaka 40. Ka gwada wannan da albashi mafi ƙanƙanta da aka tsayar a 2023, watau sefa 45,000 a wata, jaka 45. Hoto ɗaya ya cinye fiye da rabin wata, ba a ko taɓa ciwon ba tukuna. Bayan wannan ga kuɗin gado, ga abincin mai jinya, wani lokaci ga gashi da na'ura, irin wanda aka buɗe wurin yinsa a Bogodogo a 2021. Wani ma sai an yanke ƙafar ɗungum. Rumfarka kuwa a Rood Woko tana rufe duk kwanakin nan, abokan cinikinka sun koma maƙwabta.

Na san abin da a kan ce: ciwon daji ba ya son ƙarfe. Ga asalin maganar. Mutum ya kan zauna da ciwo shekara biyu ko uku, sai ya yaɗu cikin jiki kana a kai shi asibiti. A yi aiki, ya rasu, a ce wuƙa ce. Ba wuƙa ba ce, jinkiri ne. Abin tsoro na gaskiya shi ne yankan rabi. In an yi masa sakiya a gida, ko an sa magani mai ƙuna, sama ta kan bushe, saiwar tana nan tana ci a ƙasa. Ka biya, ka sāke biya, kwanaki suna wucewa.

Kada kuwa mai dukiya ya ce wannan zancen talaka ne. Bob Marley, mawaƙin Jamaika, an ga melanoma ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa a 1977. Likitoci suka ce a yanke yatsan, bai yarda ba, sai aka cire farcen da naman ƙarƙashinsa kaɗai. Ciwon ya kai huhunsa da ƙwaƙwalwarsa, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Bai rasa kuɗi ba.

Yanzu ga abin da za ka yi, ɗan'uwana. Ka fara da asibitin unguwa da a ke kira CSPS, ka karɓi takardar da za ta kai ka gaba. A babban asibitin Yalgado Wedrawogo akwai likitocin fata, akwai kuma wurin auna nama. Ka sani, jinya kyauta da aka soma a 2016 ta yara ce 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki, saboda haka ka yi shirin biya. Kafin ranar aiki ka roƙa a rubuta maka lissafi duka, har da kuɗin auna nama. Ka tambaya ko akwai magani mai araha irin na CAMEG. Ka biya a wurin biya, ka riƙe rasit. In ƙarfinka bai kai ba, ka nemi ofishin taimakon marasa hali na asibitin, ka kuma gaya wa 'yan'uwa da 'yan adashi tun da wuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku masu 'ya'ya zabiya, malfa da riga mai dogon hannu da zaman inuwa da tsakar rana sun fi kowane aiki araha. Kai kuma da ka ke jina, yau da dare in ka wanke ƙafa, ka juya tafinta ka duba, ka duba tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Ka duba ta tsohonka da ta tsohuwarka, gama idonsu ba ya kai wurin. In ka ga abin da ba ka sani ba, kada kasuwar mako mai zuwa ta ci ba ka nuna shi ba.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wani mako.