Kofin Ryder: Inda Gwani Shi Kaɗai Ba Ya Isa

Golf wasa ne na kowa tasa ta fisshe shi. Ɗan wasa zai ɗauki sandunansa ya bi ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, yana neman ya zura 'yar ƙaramar ƙwallo a kowane rami da mafi ƙarancin bugu. A manyan gasanni kwana huɗu ake yi ana zagaya fili, a tara duk bugun da mutum ya yi a ramuka 72, wanda nasa ya fi ƙaranci shi ke tafiya da kofi da kaso mafi tsoka na kuɗi. Babu mai miƙo masa ƙwallo, babu mai tsaron gida da zai rufa masa asiri in ya yi ɓaranɓarama. Sai dai duk bayan shekara biyu akan zaɓo mutum 24 daga cikin waɗannan da suka saba da kaɗaici, 12 daga Amurka, 12 daga Turai, a ce su buga da sunan jama'arsu. Wannan shi ne Kofin Ryder. Abin da nake gani a tarihinsa shi ne, iya buga golf dabam, iya ɗaukar nauyin abokin wasa dabam, kuma na biyun ne ke yanke hukunci a wannan gasa.

Sunan kofin na Samuel Ryder ne, ɗan kasuwa a garin St Albans na Ingila, wanda ya yi arziki da sayar da irin shuka a 'yan ƙananan ƙunshi na kwabo-kwabo. Sai da ya doshi shekara hamsin ya fara golf, kuma shi ya ba da kofin zinaren da ake fafatawa a kansa. An fara gasar a 1927 a Worcester ta jihar Massachusetts, tsakanin Amurka da Birtaniya, Amurka ta ci da maki 9 da rabi, Birtaniya na da 2 da rabi. Haka aka yi ta yi har shekara hamsin. Sau uku kacal Birtaniya ta yi nasara, a 1929 da 1933 da 1957, har gasar ta fara gundurar mutane. A 1977 Jack Nicklaus, babban gwanin Amurka na lokacin, ya ba da shawarar a buɗe wa sauran ƙasashen Turai ƙofa. Daga 1979 aka yi hakan, 'yan Sifaniya biyu, Seve Ballesteros da Antonio Garrido, suka zama na farko da suka shigo. Daga nan zuwa 2025 an kara sau 23: Turai ta ci 13, Amurka ta ci 9, an yi kunnen doki sau ɗaya, a 1989.

Kafin a gane dalili, sai an fahimci yadda ake lissafi, domin ya sha bamban da na sauran gasanni. A nan ba a tara bugu. Rami-rami ake ci: wanda ya zura ƙwallonsa da ƙarancin bugu shi ya ci wannan ramin, ko da bugu ɗaya ya fi abokin karawarsa ko da biyar, duk ɗaya ne. Wanda ya fi cin ramuka shi ke da maki ɗaya na wasan, in an yi canjaras kowa ya ɗauki rabi. Wasanni 28 ake yi cikin kwana uku. Mai neman kofi sai ya kai maki 14 da rabi, mai riƙe da shi kuwa 14 sun ishe shi ya koma gida da abinsa. Ranar ƙarshe ce ake wasanni 12 na gaba da gaba, mutum ɗaya da mutum ɗaya. Kwana biyun farko kuwa bibbiyu ake fita, wasanni 16 ke nan, fiye da rabin makin gasar. A takwas daga ciki kowa na da ƙwallonsa, a ɗauki sakamakon wanda ya fi kyau cikin abokan biyu. A sauran takwas ɗin ƙwallo ɗaya suke bugawa karɓa-karɓa, kuma nan ne gizo ke saƙar. In ka jefa ƙwallo cikin rairayi ko doguwar ciyawa, abokinka ne zai shiga ya fito da ita. In ka bar masa bugu mai wuya ya kasa, ku biyu kuka rasa ramin. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa ba kowa haƙuri a kan kuskurensa ba, yau ga shi yana duban fuskar wanda ya jefa cikin wahala. Hatta irin ƙwallon da za su buga sai sun daidaita, don kowane gwani yana da wadda hannunsa ya saba da ita.

Tiger Woods ya isa misali. Ya ci manyan gasanni 15, ya yi shekaru babu mai ja da shi, amma a Kofin Ryder ya ci wasa 13, ya sha kashi a 21, ya yi canjaras a 3. Cikin karo takwas da ya buga, sau ɗaya tawagarsa ta ɗauki kofi, a 1999. A 2004 kyaftin ɗin Amurka, Hal Sutton, ya haɗa shi da Phil Mickelson, yana ganin in aka haɗa manyan gwanaye biyu wa zai tare su. An doke su a wasanni biyun da suka buga tare, Turai ta ci gasar da maki 18 da rabi, Amurka na da 9 da rabi, a kan ƙasar Amurkan. A ɗaya ɓangaren ga Colin Montgomerie da Ian Poulter, waɗanda babu wanda ya taɓa cin babbar gasa a cikinsu, amma sun zame wa Amurkawa ƙarfen ƙafa shekara da shekaru. A 2018 kusa da birnin Paris, Francesco Molinari na Italiya da Tommy Fleetwood na Ingila sun fita tare sau huɗu, sun ci duka huɗun.

Wannan tarbiyya ta samo tushe ne daga Ballesteros. Shi da José María Olazábal sun buga wasa 15 tare, sun ci 11, sun yi canjaras a 2, sau 2 kawai aka doke su. Babba ne ya ja ƙarami a jiki ya koya masa, shi ma ƙaramin da ya girma ya ja na bayansa. Ballesteros ya rasu a 2011. Shekarar da ta biyo baya a Medinah, kusa da Chicago, Olazábal ne kyaftin, an kuma wayi garin ranar ƙarshe Amurka na da maki 10, Turai na da 6. 'Yan Turai suka fita da hoton marigayin a jikin kayansu, suka juya wasan, suka ci da 14 da rabi, Amurka na da 13 da rabi.

Mai musu zai ce duk wannan ƙawata labari ne, gaskiyar magana ita ce mai gida ke cin kofi. Yana da hujja. Kyaftin ɗin masu masaukin baƙi yana da ta cewa a kan yadda za a gyara fili, ko a matse hanyar ƙwallo a bar ciyawar gefe ta yi tsawo don a hana masu dogon bugu sakewa, ko a buɗe ta yadda za su ji daɗi. Ga kuma dubban 'yan kallo. A 2021 a Whistling Straits Amurka ta lallasa Turai da 19 da 9. To amma in gida ne kaɗai sirrin, da ɓangarorin biyu sun amfana daidai wa daida. Turai ta je Amurka ta ci a 1987 da 1995 da 2004 da 2012 da 2025. Rabon Amurka da ta ci a Turai kuwa tun 1993.

Akwai musun da ya fi wannan ƙarfi. In da gaske Amurkawa ba su iya wasan tawaga ba, me ya sa suke cinye Kofin Shugabanni, wanda aka ƙirƙiro a 1994 don su kara da sauran duniya ban da Turai? Sau ɗaya tak aka doke su a can, a Melbourne a 1998, sai kunnen dokin da aka yi a Afirka ta Kudu a 2003. Amsar tana cikin wa suke karawa da shi. Tawagar sauran duniya tarin mutane ce daga Koriya ta Kudu da Japan da Ostireliya da Kanada da Afirka ta Kudu, ba su taso a fagen wasa ɗaya ba, wasunsu ma ba sa jin yaren juna. Idan taro ya haɗu da taro, wanda ya fi gwanaye shi ke ci. 'Yan Turai su ma harsunansu daban-daban ne, amma yawancinsu a jerin gasannin Turai suka yi ƙuruciyarsu, kuma kyaftin ɗinsu galibi sai ya yi mataimaki kafin a ba shi ragama. Abin da ya faru a Bethpage ta New York a 2025 ya fito da wannan fili ƙarara. A wasannin bibbiyu Turai ta tara maki 11 da rabi, Amurka 4 da rabi. Da aka zo gaba da gaba, kowa ya koma shi kaɗai, Amurka ta kwashi 8 da rabi, Turai 3 da rabi. Mutanen nan dai su ne, fili ɗaya, mako ɗaya. Turai ta tsira da 15 da 13, da guzurin da ta tara a kwana biyun farko.

Ƙorafin da ni ma ya fi damuna shi ne na ɗa'a. Golf wasa ne da aka san shi da shiru da mutunta abokin hamayya, har ɗan wasa kan kai ƙarar kansa in ya karya doka. Kishin tawaga yakan ci wannan ɗabi'a. A Brookline a 1999, da Justin Leonard ya zura wata doguwar ƙwallo a rami na 17, 'yan wasan Amurka suka ruga cikin fili suna murna, alhali Olazábal bai yi nasa bugun ba. A Bethpage wasu 'yan kallo sun yi ta zagin ɗan wasan Turai Rory McIlroy zagi na cin mutunci. Wannan abin kunya ne, kuma masu shirya gasar ba su da uzuri a kai. Amma tsarin rami-rami ɗin nan shi ne ya ba ɗan wasa damar yafe wa abokin karawarsa gajeren bugu, abin da babu shi a gasar tara bugu. A 1969 a Royal Birkdale, gasar gaba ɗaya ta rataya a kan rami na ƙarshe tsakanin Nicklaus da Tony Jacklin. Nicklaus ya zura tasa, sannan ya sunkuya ya ɗauke alamar ƙwallon Jacklin, wadda ta rage kamar ƙafa biyu ta shiga, don kada ya bar shi da yiwuwar kuskure a gaban mutanen ƙasarsa. Aka tashi 16 da 16, don a lokacin wasannin sun fi na yanzu yawa. Daga cikin 'yan tawagarsa akwai waɗanda abin bai yi wa daɗi ba.

Saura batun kuɗi. Tun kafuwar gasar babu kyautar kuɗi ga wanda ya ci, duk da dukiyar da take tara wa hukumomin golf na ɓangarorin biyu. A 2025 hukumar PGA ta Amurka ta ware wa kowane ɗan wasanta dala 500,000, a ba da 300,000 ga ayyukan jinƙai, sauran 200,000 ya yi yadda ya so da su. 'Yan Turai ba su karɓi irin wannan ba, sun kuma ce ba sa nema. Ban ga laifin mai aiki ya nemi haƙƙinsa daga ribar da guminsa ya kawo ba, kuma ba na cewa kuɗin ne ya kayar da Amurka. Damuwata ita ce kuɗi na mayar da hankalin mutum kan rabonsa, a gasar da maki 16 cikin 28 sai da abokin tafiya ake samunsu. Karo na gaba a Adare Manor ta ƙasar Ailan za a yi, a 2027, lokacin da kofin zai cika shekara 100, kuma Amurkawa za su isa can da shekara 34 rabonsu da ɗaga shi a Turai.