Baji, Baƙon da Karamci ke Kashewa

Ƙwayar gero ɗaya ba abin tsayawa kallo ba ce, sai in baji ne yake cin ta. Da tsinin baki yake ɗaukar ta, ya sa harshe ya tokare ta a cikin lanƙwasar bakin sama, ya murza da na ƙasa. Kafin ka ƙifta ido ɓawon ya faɗo gefe, ƙwayar ta wuce ciki, har ya kai ga ta biyu. Kaza haɗiya take yi, tattabara ma haka, shi kuwa sai ya ɓare. Gadon gidansu ne, domin baji aku ne cikakke, ƙanƙanta ce kawai ta same shi. Daga baki zuwa ƙarshen jela bai fi santimita 18 ba, nauyinsa kuma tsakanin giram 30 da 40. Amma dubi ƙafarsa: yatsu biyu gaba, biyu baya, irin na babban aku sak. A saman bakinsa akwai wata 'yar fata inda ƙofofin hancinsa suke. In shuɗiya ce namiji ne, in ruwan ƙasa ce, musamman lokacin neman ƙwai, to mace ce.

In ka ratsa lungunan Babban Giji da hantsi, ko ka bi ta Gyaɗi-Gyaɗi ka ɓulla Tarauni, ba wuya ka jiyo surutunsu daga wata baranda ko bakin shago: kore, shuɗi, ruwan ɗorawa, fari, suna tsalle a kejin waya. Kiwon tsuntsu ba baƙon abu ba ne a Kano, masu tattabaru da masu kanari sun riga kowa. Malamai ma sun daɗe da yin magana a kai. Sukan kawo labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, har Manzon Allah (SAW) yakan tambaye shi labarinsa cikin raha. Sukan kuma biyo da na matar da ta ɗaure kyanwa, ba ta ci da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, ta shiga wuta saboda haka. Wato tsarewa ta halatta, amma cin tsuntsun da shansa sun hau wuyan mai keji. Bakano kuwa ba ya yi wa baƙo rowa, kuma a nan gizo yake saƙar.

Asalin baji can tsakiyar ƙasar Ostireliya ne, yankin da ruwa ba shi da alkawari. A dajin kore ne da ruwan ɗorawa, da zane-zanen baƙi a ƙeya da fiffike. Sauran launukan duk a keji aka same su, bayan wani Bature masanin tsuntsaye, John Gould, ya kai su Ingila a 1840. A can gida yawo yake cikin garke, wani lokaci dubbai, kamar yadda jan-baki suke rufe sama a fadamun Hadeja, yana bin inda aka yi ruwa ciyawa ta zuba iri. In ya samu, sai ya yi sauri ya nemi kogon bishiyar turare, macen ta zuba ƙwai huɗu zuwa shida, ta kwanta kwana 18 ko kusa da haka, namijin yana kawo mata abinci a maƙoshi yana ɗura mata. In ciyawar ta ƙare a ƙara gaba. Abincinsa 'ya'yan ciyawa ne marasa maiƙo, kuma kowace cikar ciki sai ya biya ta da tafiya mai nisa.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji Hausawa. Da sun ƙara da cewa abincin gidansu yake ci, da ba su yi kuskure ba. Shekara kusan ɗari biyu a keji ta canza wa baji riga, ba ta canza masa hanta ba.

Mu kuma a wurinmu aku ba tsuntsu ba ne kawai, kusan mutum ne. Mai bakin magana ne, mai tona asirin gida a tatsuniya, kuma tun da Abubakar Imam ya sa shi ba da labari a Magana Jari Ce a 1937 har ya kai shi ga muƙamin waziri, duk wanda ya yi firamare a Arewa yana yi wa aku kallon mai hankali. Wanda ake yi wa kallon mutum kuwa, abincin mutum ake miƙa masa. A wani gida a Babban Giji na ga wata dattijuwa ta ɓantari goro, ta tauna, ta tura guntun ta tsakanin wayar keji. Jikanta mai tsuntsun ya yi wuf ya cire.

"Hajiya, don Allah ki bari, kashe shi zai yi."

"Kai, tafi can! Goron ne zai kashe shi? Ni shekara nawa ina ci?"

Yaron ne yake da gaskiya. Abin da ke cikin goro mai kore barci, shi ne dai a gahawa da shayi, kuma goro yana da ɗan'uwansa, sinadarin nan da ke cikin cakulan. Mai kilo sittin zai ci ya wartsake, mai giram 35 kuwa, wanda zuciyarsa dama bugu ɗaruruwa take yi a minti ɗaya, sai ta rikice ta tsaya. Piya ita ma guba ce gare shi, ɗan kaɗan ya isa. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini. Ɗanyen wake da ɗanyen rogo su ma guba ne. Gishiri da dunƙulen miya suna wahalar da ƙodarsa, saboda haka lomar tuwo da aka dangwalo a miya ba gata ba ce. Nono da madara ba ya iya narkar da su yadda ya kamata, tsuntsu ai ba ya shan mama. Abin dariya, barkonon da kowa zai ji tsoron ba shi, shi ne lafiya lau: tsuntsaye ba sa jin zafin barkono sam, kuma jan tattasai da attaruhu suna cike da bitamin A da yake nema. Ɗanye dai, ba yajin tsire ba.

Sai babbar magana, gyaɗa. A garin da aka yi dala da buhunanta, tun bayan da jirgin ƙasa ya iso a 1911 su Alhassan Ɗantata suka mai da ita arzikin Kano, wa zai yarda a ce gyaɗa tana da illa? Ga ta a faranti a kowace mararraba, soyayya da dafaffiya, ga ƙuli-ƙuli, ga tunkuza, ga niƙaƙƙiyar nan ta kwalba da ake shafa wa burodi. Baji kuwa in ya ɗanɗana ba ya son ya bari. Gyaɗa ba guba ba ce a karan kanta, kuma masu kiwo a ƙasashen Turai sukan ɗan shafa niƙaƙƙiyarta a yatsa don tsuntsu ya saba da hannu. Amma zuma ce, da zaƙi da harbi, kuma harbin nata biyu ne.

Na farko maiƙo. Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne, duk matar da ta taɓa matse tunkuza ta san haka. Tsuntsun da aka halitta don ya ƙone abincinsa a sararin sama, yanzu tafiyarsa daga wannan sanda zuwa waccan ce. Man sai ya taru a hanta, ya taru a ƙarƙashin fatar ƙirji ya zama ƙullutu. Za ka ga tsuntsu ya yi ɓul-ɓul, mai shi yana murna wai kiwo ya karɓe shi, alhali numfashi yake yi da ƙyar in ya ɗan tashi, baki da farce suna tsawo fiye da kima. Ta kwalba kuma ta ƙara da gishiri da sukari, ga danƙo da ke liƙewa a baki da gashin fuska, ga saurin yin ɗoyi a zafin Afrilu. Ƙuli-ƙuli an rage masa mai, gaskiya ne, sai dai an soya shi a man, an zuba gishiri, wani da sukari ko yaji.

Harbi na biyu ya fi muni domin ba a ganinsa. Akwai wata fumfuna da ke kama gyaɗa tun a gona in fari ya same ta dab da girbi, ko a rumbu in an adana ta da danshi, tana fitar da dafin da ake kira afulatoksin. Ta sanadin tsuntsaye ma duniya ta san shi: a 1960 'ya'yan talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar garin gyaɗar da aka kawo daga Barazil aka haɗa musu abinci da shi ne. Dafin hanta yake ci, kuma suya ba ta gama da shi. Ba nesa maganar take ba. A titin Sabo Bakin Zuwo, nan Tarauni, cibiyoyin binciken noma na IITA da ICRISAT suna da ofis, kuma IITA ce ta fito da Aflasafe, ƙwayar dawa da aka rina shuɗi aka ɗora mata irin fumfunar da ba ta da dafi, manomi ya watsa a gona kafin gyaɗa ko masara ta yi fure don ta danne muguwar. Abin da ke ba ni haushi shi ne al'adarmu ta tsince gyaɗa: a ware mai kyau don miya da kunu, motsattsiya da fasasshiya da mai ɗaci a ce a watsa wa tsuntsaye. Ita ce kuwa ta fi ɗaukar dafin. Wanda ya ga lallai sai ya ba bajinsa niƙaƙƙiyar gyaɗa, to ya zaɓi ƙosasshiya mai tsabta, irin wadda zai ba ɗansa, ya soya ba gishiri, ya niƙa da kansa, ya ba shi abin da bai wuce kan ashana ba, jefi-jefi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In ma bai ba shi ko kaɗan ba, tsuntsun bai yi asarar komai ba.

Gero fa? A nan mun yi sa'a, don abin da masu kiwo a Turai suke saye da tsada a leda, mu a mudu muke aunawa, daga Dawanau har 'yar kasuwar unguwa. Gero da acca da ɗan farar dawa sun fi kusa da abincin gidansu, kuma in kaka ta yi, ka rataya masa zangarniya guda a keji ka sha kallo, zai yi ta reto yana cira, ci da motsa jiki a haɗe. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishi tsuntsu ɗaya a yini. Sai dai gero zalla, wata da watanni, yunwa ce a ɓoye. Ba shi da isasshen bitamin A, ba shi da sinadarin ƙarfin ƙashi, ba shi da aidin. Rashin aidin yana sa wa baji maƙoƙo, irin wanda ya sa aka dinga zuba aidin a gishirin mutane. Nasa ba ya fitowa waje, ciki yake kumbura ya danne hanyar iska, ka ji tsuntsu yana wani siririn fito in yana numfashi. Macen da ba ta samu abin gina ɓawo ba kuwa, ƙwai kan maƙale mata, ta kumbura ta zauna a ƙasan keji.

Maganin duk yana wurin mai kayan miya. Ganyen zogale ɗanye, alayyafo daidai gwargwado, latas, karas da aka goga, kabewa, jan tattasai, sai 'yar gwanda ko mangwaro ko kankana kaɗan saboda zaƙi. Tuffa a cire mata 'ya'ya. A wanke ganye sosai, don lambunan gefen gari ba a raba su da feshi da ruwan kwata. Geron da aka jiƙa ya fara tsiro ya fi busasshe amfani, muddin ana ɗauraye shi safe da yamma kuma bai yi tsami ba. Lokacin saɓar gashi ko renon 'ya'ya a ƙara da ɗan dafaffen ƙwai, ɓawonsa kuma a tafasa, a shanya, a daka. Duk abu mai danshi kada ya wuce awa biyu a keji, zafin Kano ba ya jira. Ruwan sha a canza kullum.

Kada ka yi tsammanin zai yi maka godiya ranar farko. Baji mai taurin kai ne, wanda aka yaye da gero zai kalli zogale kamar an ajiye masa maciji. Masu dabara sukan yayyanka ganyen ƙanana su cakuɗa da geron, ko su jiƙa reshen su rataya, tsuntsun ya zo wanka a jikin ganye, daga nan ya kai baki. Da yake ɗan garke ne, in ɗaya ya ci sauran sun ci. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da ba a yi shi ne a janye geron gaba ɗaya wai yunwa ta koya masa hankali, domin kwana ɗaya zuwa biyu ba ci ya isa ya kai shi ƙasa. Haka ɓarar nan tasa tana yaudarar sabon mai kiwo: ya leƙa ya ga kwano a cike, ashe ƙaiƙayi ne a sama, ƙwaya ta ƙare tun jiya. Ka fitar da kwanon kullum ka hura.

Baji namiji yana iya koyon magana. Wani mai suna Puck a Amurka ya shiga kundin Guinness na 1995 da kalmomi 1,728, abin da babban aku bai kai ba. Duk da wannan baki, ciwonsa ne kaɗai ba ya faɗa, domin a daji wanda ya nuna rauni shi shaho yake fara ɗauka, don haka yakan daure har sai abu ya ci ƙarfinsa. Mai kiwo sai ya koyi karatu da kansa. A shimfiɗa takarda a ƙasan keji a duba kashinsa kowace safiya: na mai lafiya ɗan dunƙule ne mai duhu da fari a tsakiya, in ya koma ruwa ko farin ya rikiɗe ruwan ɗorawa, akwai magana. A riƙa ɗaukar sa a hankali ana shafa ƙashin ƙirji. In ya fito da kaifi rama ce, in an neme shi an rasa ƙiba ce. Tsuntsun da ya buɗa gashi da rana tsaka, ya rufe ido, jela tana sama da ƙasa da numfashinsa, na likitan dabbobi ne a ranar, ba na jiƙon da maƙwabci zai kawo ba. Kafin a kai shi kuma, a fara ɗauke kejin daga ɗakin da ake kunna turaren wuta da maganin sauro.