Ƙuri'ar Huce Haushi: Darasi Daga Zaɓen 2023

Gabatarwa

Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999, jam'iyyu biyu ne kawai suka riƙe shugabancin Nijeriya. PDP ta yi shekara 16, sannan APC ta karɓa a 2015. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda jama'a suka gaji da waɗannan jam'iyyu, da kuma abin da ake kira ƙuri'ar huce haushi.

Ma'anarta da dalilanta

Ƙuri'ar huce haushi ita ce wadda mutum yake jefa wa ƙaramar jam'iyya domin ya hukunta manyan jam'iyyu, ko da ya san da wuya ɗan takararsa ya kai labari. Abubuwan da suka tara wannan haushi kafin 2023 suna da yawa. Akwai zanga-zangar EndSARS ta watan Oktoba 2020, da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, da satar mutane don kuɗin fansa, da ƙarancin takardun naira gab da zaɓe. Ga kuma 'yan siyasa suna ta sauya sheƙa tsakanin PDP da APC, har talaka ya ce duk kanwar ja ce.

Abin da alƙaluma suka nuna

A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, Bola Tinubu na APC ya yi nasara da ƙuri'a miliyan 8.8, Atiku Abubakar na PDP ya sami kusan miliyan 7. Peter Obi na jam'iyyar LP ya sami miliyan 6.1, har ya cinye Legas da Abuja. Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya sami kusan miliyan 1.5 tare da jihar Kano. A zaɓen gwamnoni, LP ta ci Abia, NNPP ta ci Kano.

Sai dai ba dukkan waɗannan ƙuri'u ne na haushi ba, domin ƙabila da addini da ƙaunar ɗan takara su ma sun yi tasiri. Kuma Obi ne ya tsaya wa Atiku mataimaki a 2019, Kwankwaso kuwa ya yi gwamna a ƙarƙashin PDP, ya kuma zauna a APC. Wani abin lura shi ne, cikin mutum miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka fito, alhali a 2003 kashi 69 ne. Ke nan waɗanda suka yi zamansu a gida sun fi kowa yawa.

Darasi daga tarihi

A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci gwamnan Kano da na Kaduna. Amma a Kaduna NPN ce ke da rinjaye a majalisa. Ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, sannan ta tsige shi a 1981. Haka ma LP ta faɗa rikicin shugabanci bayan zaɓe, wasu 'yan majalisarta kuma suka koma APC a 2024.

Kammalawa

Ƙuri'ar huce haushi tana girgiza manyan jam'iyyu, amma ba ta ɗorewa idan babu jam'iyya mai tsari tun daga mazaɓa, da wakilai a rumfunan zaɓe, da kujeru a majalisa. Don haka ɗalibi mai son canji ya kula da zaɓen kansila da na ɗan majalisa kamar yadda yake kula da na shugaban ƙasa, domin a can ne ake yin doka da raba kasafin kuɗi.